Fitilar T-BELT ta kama a Hilux ɗina, makanike ya ce bel ɗin da sauransa

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ina da Hilux ƙirar 2011 mai shan gas, injin 2.5, wadda aka rubuta D-4D a jikinta. Hannu na biyu na saye ta, shekara 3 ke nan, ina ɗauko masara da waken soya daga ƙauyukan Funtuwa in kai Dawanau. Makon jiya mita na cika kilomita 150,000 sai wata fitila ta kama a dashbod, an rubuta T-BELT. Na kai wa makanikena, ya buɗe murfi ya haska da tocila, ya ce bel ɗin kamar sabo, ko tsaga ɗaya babu. Ya danna wani abu fitilar ta mutu, ya ce in yi tafiyata. Wani kuma ya ce in dai sai na canza, to in sayi bel ɗin kaɗai, sauran tarkacen asarar kuɗi ce. Maƙwabcina kuwa dariya ya yi, ya ce tasa Hilux ɗin ba ta ma da wannan bel ɗin. Ga kaka ta kama, ba na son motar ta kwana a gareji. Maganar wa zan bi?

Daga wani mai karatu a Funtuwa

Amsa

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sa wa kasuwa albarka.

Ka canza bel ɗin, wato taimin bel, wanda T-BELT ke nufi, kuma a cikin makon nan, kafin ka sake yi mata lodi. Ba bel ɗin kaɗai ba, har da tenshina, wato abin da ke riƙe bel ɗin a ɗame, da fulin da take turawa, ɗan faifan nan mai juyawa da ke danna bayan bel. A irin injinka aikin rabin yini ne, in ka kai ta da hantsi da kayan a hannu, kafin la'asar ka ɗauki abarka. Ba za ta kwana ba. Kwanan gareji yana ga wanda ya bari bel ɗin ya tsinke da kansa, shi wannan kam sai ya yi mako biyu yana zirga-zirga tsakanin makanike da masu sayar da kan inji.

Bari in fara da fitilar, don a nan aka fi yi maka ɓarna, ko da yake na san ba da mugun nufi ba ne. Wannan fitila ba ta ganin bel. Babu wata waya da ta taso daga jikin bel ɗin zuwa dashbod, babu na'urar da ke auna lafiyarsa. Ƙidaya kawai take yi. Toyota ta saita ta a kan kilomita 150,000, da an cika sai ta kama, ko bel ɗin jiya aka sa shi ko tun daga kamfani yake. Abin da makanikenka ya danna maɓallin mita ne, akwai yadda ake riƙe shi a murɗa makulli har lamba 15 ta fito a allon, wato 150,000 ke nan, sai ƙidayar ta koma farko. To yanzu ka gane abin da ya faru: an gaya wa motar cewa an sa mata sabon bel, alhali ba a sa ba. Ba za ta sake yi maka magana ba sai a 300,000. Mai tuni guda ɗaya da kake da shi an rufe masa baki.

Akwai kuma abin da fitilar ta faɗa maka wanda ba ka lura ba. Tunda daidai 150,000 ta kama, alama ce ba a taɓa mayar da ƙidayarta baya ba, wato mai yiwuwa bel ɗin da ke jikin motar shi ne wanda ta fito da shi daga kamfani a 2011. Roba ce da ta ba shekara 10 baya tana shan zafin inji. Wannan ma in mitar gaskiya take faɗa ke nan. Mota ce ta hannu, kuma ni da kai mun san yadda ake yi wa mita kwaskwarima kafin a kafa wa mota galan a ka. Na sha ganin Hilux da mitarta ke cewa 120,000, amma robar fedar kuloci ta cinye har ƙarfe ya fito, sitiyari ya yi sulɓi kamar an shafa masa man gyaɗa.

Maƙwabcinka kuma bai yi ƙarya ba, sai dai ba injinku ɗaya ba. Sunan Hilux ɗaya ne, amma abin da ke ƙarƙashin bonet iri-iri ne. Yawancin waɗanda ke yawo a Najeriya masu shan fetur ne, injin 2.7 da ake kira 2TR, shi sarƙa gare shi, taimin cen, tana wanka cikin baƙin mai, ba a sa mata ranar canji. Sababbin masu gas da suka fara fitowa daga 2015, injin 2.4 da 2.8 da ake kira 2GD da 1GD, su ma sarƙa ce. Naka kuwa 2KD ne, ƙanin 1KD mai 3.0, su biyun duka bel gare su. Haka tsofaffin nan 2L da 3L da 5L, da kuma 1HZ na Land Cruiser a-kori-kura, duk bel ne. A tsofaffin ma wa'adin ya fi gajarta, 2L da 3L kilomita 100,000 aka yanka musu. Saboda haka in ana hirar mota a majalisa, kafin ka ɗauki shawarar mutum ka tambaye shi lambar injinsa.

Aikin bel ɗin shi ne haɗa kan ƙasan inji da samansa. A ƙasa karanshaf ne ke juyawa, fistin na hawa da sauka. A sama kamshaf ne ke buɗe bawul ya rufe, iska ta shiga, hayaƙi ya fita. Karanshaf ya zaga sau biyu, kamshaf ya zaga sau ɗaya, ba ƙari ba ragi. A injinka Toyota ta raba aikin gida biyu: daga karanshaf zuwa famfon gas giyoyin ƙarfe ne a cikin mai, daga fulin famfon zuwa kamshaf kuma shi ne bel ɗin, ɗan gajere mai haƙora 97. Shi ya sa aikin yake da sauƙi in aka kwatanta da 5L, wanda nasa dogo ne ya taso tun daga karanshaf, sai an cire babban fulin ƙasa kafin a kai gare shi.

Me ya sa muke tsorata masu injin gas fiye da masu fetur? Injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na fetur, matsi ne ke kunna man. Ana matse iska har ta koma kusan kashi 1 cikin 18 na girmanta a irin naka, a 5L ma kashi 1 cikin 22, ta yi zafin da gas na taɓa ta zai kama. Kafin a samu wannan matsin dole fistin ya hau har ya kusa sumbatar kan inji. Wurin da bawul ke leƙowa in ya buɗe, nan ne wurin da fistin ke isowa in ya hau. Ɗaki ɗaya suke kwana, sai dai kowa da lokacinsa, kuma bel ɗin nan ne mai raba musu kwana. In kana kan hanyar Zariya allura na kan 3,000, kowane fistin yana kaiwa sama sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Bel na tsinkewa kamshaf zai tsaya cak, wasu bawul ɗin a buɗe, amma karanshaf ba zai tsaya ba, nauyin mota da na buhuna na tura shi ta giya. Kafin ƙafarka ta kai kan kuloci an gama.

An taɓa jawo mini wata irin taka da igiya, direban yana rantsuwa cewa ko ƙara bai ji ba, wai kawai ji ya yi kamar an murɗe makulli. Da muka ɗaga murfin sama, kamshaf ɗin da ke buɗe bawul ɗin shigar iska ya karye gida biyu, maƙalan da ke riƙe shi guda biyu sun tsage, gutsattsarin alminiyam na iyo cikin mai. Da muka sauke kan injin kuma, a saman fistin akwai zanen bawul zagaye sak, kamar an buga hatimi. Abin da ya sa ɓarnar gas ke hawa sama haka shi ne bawul ɗinsa a tsaye suke, ba a karkace ba kamar na fetur. Na fetur in fistin ya doke shi sai ya lanƙwashe ya kauce. Na gas ba shi da wurin kaucewa, sai ya miƙa dukan kai tsaye ga kamshaf. In abin ya zo da ƙarar kwana har kwanrod, sandan da ke haɗa fistin da karanshaf, sai ya tanƙware, daga nan kuma maganar sauke inji gaba ɗaya ake yi. Abin da ya fi ba ni haushi a wannan motar, bel ɗin da muka ciro bayansa sumul yake, rubutun kamfani ma bai gama gogewa ba. Haƙora bakwai ne a jere suka zube, kamar an aske su da reza.

Wannan ya kawo mu ga tocilar makanikenka. Abin da ido ke gani roba ce ta waje. Ƙarfin bel ba a robar yake ba, yana cikin wasu zaruruwa na gilashi da aka binne a tsakiya, su ke hana shi miƙewa. Haƙoran kuma an lulluɓe su da wani yadi mai tauri. Zaren nan yana gajiya da lanƙwasa da miƙewa sau miliyoyi, gindin haƙori yana tsagewa ta ciki inda ya manne da jikin bel, duk ba a gani sai an cire shi an juya cikinsa waje an lanƙwasa. Wanda kuwa ya kai ga cire shi, ai mayar da tsohon wauta ce. Dubawa da ido na da amfani ta fuska ɗaya: in ka ga tsaga, ko gefen ya fara zare, ko mai ya jiƙa shi, to ka san ya mutu. Amma rashin ganin komai ba shaidar lafiya ba ce. Ga shi kuma ba ya kuka. Fambel, wato bel ɗin waje mai juya altaneta, in ya gaji yana ƙugi da safe, kowa ya ji. Taimin bel shiru yake aikinsa har ranar da zai tafi.

Sai mai cewa a sayi bel kaɗai. Shi wannan ya fi na farko kusa da gaskiya, amma shawararsa ta fi cin mutane, domin mai mota yana tafiya da zuciya ɗaya yana ganin ya yi abin da ya kamata. A cikin motocin da ake kawo mini da matsalar taimin, da yawa ba bel ne ya fara mutuwa ba, kashe shi aka yi. Abu biyu ke kashe shi.

Na farko fulin nan da ke danna bayan bel. Boris ne a cikinsa, a rufe, da giris ɗin da aka sa masa tun daga kamfani, ba a ƙara masa. Duk zagayen da bel ya yi tare suka yi. Giris ɗin na bushewa, boris ya fara wasa, fulin ya karkace ya riƙa tura bel gefe yana goga jikin murfi. Ko kuma ya ƙame ƙam, bel ya riƙa gurzar ƙarfen da ba ya juyawa har bayansa ya ƙone. Ka sa sabon bel a kan fulin da ya yi 150,000, kana nufin fulin ya yi 300,000 ke nan. Ba a yi shi don haka ba.

Na biyu tenshina. A injinka ba sifirin ba ce irin ta 5L, wani ɗan bututu ne kamar babban yatsa biyu a haɗe, da mai a cikinsa da ɗan sanda da ke turo fulin. Ita ke riƙe bel a ɗame, ta shanye fizgar da injin gas ke yi, musamman wajen tayarwa da kashewa. In man cikinta ya tsiyaye sai ta yi laushi, bel ya riƙa kaɗawa, wata rana da sanyin asuba ka yi kik ya tsallake haƙori biyu ko uku. Ga yadda ake gane wadda ta mutu: ka riƙe ta da hannu biyu ka danna sandan a jikin bango da iya ƙarfinka. Mai lafiya ko motsi ba za ta yi ba. In ta shige, ko ka ga mai ya yi dumu-dumu a bakinta, ta gama. Amma ko ta ci wannan jarrabawar, ni ba na mayar da tsohuwa a motar da ke ɗaukar kaya. Kuɗin waɗannan biyun in ka haɗa ba su kai kuɗin kamshaf ɗaya ba, balle kan inji.

Famfon ruwa kuma magana ce ta daban, kuma a nan ana ruɗa mutane. A motoci da yawa taimin bel ne ke juya famfon ruwa, shi ya sa ake cewa dole a canza su tare. A naka fambel ne ke juya shi. Sai dai inda aka dasa shi, ba a fitar da shi sai an cire taimin bel da murfin da ke bayansa. Don haka tunda an buɗe wurin, a duba shi da kyau. A cire fambel, a kama fulinsa a girgiza, a juya a saurara. A leƙa ƙarƙashinsa, in akwai busasshen sawu ja-ja ko fari-fari inda ruwa ya taɓa gangarowa, a canza. Motar da ta kai shekarun taka, musamman in ruwan rijiya aka saba ɗura wa lagireto maimakon jan ruwan da Toyota ta ce a sa, ni canzawa nake ba da shawara. In aljihu ya yi nauyi kuma famfon ya nuna lafiya, ana iya ɗaga masa ƙafa, ba kamar tenshina ba.

A duba oyil sil guda biyu ma, wato robar da ke hana mai tsiyaya, na bakin kamshaf da na bayan fulin famfon gas. Cikin murfin taimin ya kamata ya zama a bushe ƙayau, ƙura kaɗan baƙa ba komai. In an ga danshin mai, sai an toshe inda yake fitowa kafin a sa sabon bel, domin baƙin mai da gas suna kumbura roba su saki haƙora daga jikinta. Bel ɗin da mai ya jiƙa ba a wanke shi da fetur a mayar, yarwa ake yi.

Wajen sayen kaya ne nake so ka buɗe ido. Jabu ya yi yawa, kuma masu yin sa sun ƙware wajen kwali fiye da abin da ke cikin kwalin. Jan rubutun Toyota a jikin leda ba ya nufin komai yanzu. Ka tafi da lambar shasin motarka wurin dilan da ka san zai karɓi kayansa in an samu matsala, wanda shagonsa ya daɗe a wurin. In ba ka samu na Toyota ba, akwai kamfanonin da aikinsu ke nan kuma an san su: Gates da Mitsuboshi wajen bel, Koyo da NSK da NTN wajen boris, Aisin wajen famfon ruwa. Su ma ana yin jabunsu, saboda haka farashi ya zama ma'auninka. In ana sayar da abu a kan kuɗi kaza ko'ina, wani ya ce zai ba ka a rabi, ka san abin da ka saya. Ka ƙirga haƙoran da kanka, ka jera shi da tsohon ka ga faɗinsu ɗaya, gindin haƙoransu iri ɗaya. Sabuwar tenshina tana zuwa da ɗan fil a soke yana riƙe da sandan, in ba fil a jiki, an taɓa amfani da ita. Kada ka yarda da bel na gwanjo ko da kyauta ne, kuma kada ka karɓi wanda aka naɗe shi aka ɗaure da kyauro don ya shiga aljihu. Zaren gilashin nan in aka karya shi sau ɗaya ya karye ke nan, ko da waje bai nuna ba. Na taɓa ƙwace sabon bel daga hannun yarona ya ninka shi biyu yana kaɗa shi kamar bulala, dole na sake sayen wani daga aljihuna.

Ranar aikin, in da hali ka tsaya a wurin. Ba sai ka iya kanikanci ba, abubuwa kaɗan za ka sa wa ido. Injin ya huce tukuna, a cire kan batir. Kafin a taɓa tsohon bel, a juya inji da sifana ta hannun dama har alamomin su hau kan juna: akwai tsaga a fulin kamshaf da takwararta a murfin baya, akwai a fulin famfo da tata takwarar. Waɗannan alamomin na kamfani su ake bi. Makaniken da ya ɗauko fenti ya ɗiga nasa ba tare da ya nemi na kamfani ba, in wanda ya yi aikin kafin shi ya yi kuskure, kuskuren zai kwafa. Da zarar bel ya fita, kada wanda ya juya karanshaf ko kamshaf don wasa. In dole sai an juya kamshaf, misali za a canza sil, littafin Toyota cewa ya yi a fara mayar da karanshaf baya kwata ɗin zagaye, digiri 90, don fistin duka su sauka tsakiya su ba bawul wuri.

Sabon bel da hannu ake zura shi. In ka ga an ɗauko sukundireba ana ɗana shi a kan fuli, ka ce a tsaya. Ɓangaren da ba tenshina ya zama a miƙe ɗam, sakin duka ya taru a ɓangaren tenshina, sannan a ɗaure ta, sannan a zare fil. Zare fil shi ne na ƙarshe. Ɗaurin kuma da awo ake yi: ƙusar fulin 35 Nm (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), ƙananan biyu na tenshina 13 Nm, in an cire fulin kamshaf tasa 98 Nm. Na san garejin da ke da sifana mai awon ɗauri ba su da yawa, yawancinmu da ƙwanji muke aunawa, amma ƙananan nan biyu a jikin alminiyam suke shiga, in aka ɗora musu bututu aka ja sai zaren ya tafi. Daga nan sai abin da ba na yafe wa kowa: a juya inji da hannu zagaye biyu cikakku, a sake duba alamomin. In sun dawo daidai kuma ba a ji inda ya toge ba, sai a rufe a tayar. In ya toge, kada a tilasta, a koma baya a sake. Wanda ya sa bel ya zarce kan makulli yana caca ne da injin wani. Haƙori ɗaya in ya kuskure, mota za ta iya tashi amma da wuyar tashi da hayaƙi da rashin ƙarfi. Biyu ko uku, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe.

Tunda an riga an mayar da fitilar farko, ba sai an sake taɓa ta ba, bambancin 'yan kilomitoci ne. Amma kada ka dogara da ita a karo na gaba, ga dalilina. Mita tafiyar taya take ƙirgawa, bel kuwa zagayen inji yake ji. Motar da ke tsaye a bakin kasuwa inji na aiki awa guda ana lodi, ta zaga sama da sau 40,000, mita ba ta motsa ba. Kilomita ɗaya a giya ta biyu cikin yashi ko taɓon damina da buhu 15 a baya, zagayen da inji zai yi ya haura ninki 2 na wanda zai yi a giya ta biyar a kan kwalta. Ƙara da zafin bazara da ƙurar hunturu. Wa'adin Toyota 150,000 ne, ban canza musu ba. Amma ra'ayina ga mai aiki irin naka, ka yi naka a 100,000 zuwa 120,000, ko shekara 5 zuwa 6, duk wanda ya riga zuwa. Motocin ofis da ke yini a rana ba sa tafiya ma shekarun ne ke cinye musu bel, ba hanya ba.

Tsakanin canji da canji ba wani hidima yake nema ba, ba a shafa masa komai, ba a ɗaure shi. Abin da yake so a bar masa murfinsa. Ina ganin motoci da yawa an yar da murfin taimin, wai don a riƙa gani, ko ƙusoshi biyu sun ɓace an ɗaure da waya. Tsakuwa ɗaya kamar ƙwayar masara in ta faɗa tsakanin haƙori da fuli ta isa. Robar da ke zagaye da bakin murfin ma a tabbata tana nan, ita ke tare ƙura da ruwa in ka ratsa rafi. Masu wankin mota su daina cusa bakin famfon matsi a wurin. Sannan ka rage tayar da ita da turi. In batir ya mutu a canza batir. Fizgar da ake yi in an saki kuloci a giya ta biyu, ga injin gas mai matsi, ita ce irin wadda ke sa bel tsallake in tenshina ta fara sanyi. Duk sabis na uku ko na huɗu a kwance ƙusoshin murfin a leƙa, ba don a yanke wa bel hukunci ba, don a ga ko mai ya fara zuba. In kuma ka ji wani sabon kuka daga gaban inji, kamar shuuu ko ƙaƙas-ƙaƙas, a cire fambel a tayar na ɗan lokaci kaɗan. In kukan ya tafi, na altaneta ne ko famfon ruwa ko fulin fambel. In yana nan, a buɗe murfin taimin a ranar.

Allah ya kiyaye, amma ka gaya wa direbanka wannan. In mota na tafiya ta mutu farat ɗaya ba tare da ta yi shaƙuwa irin ta ƙarewar gas ba, ya taka kuloci nan take ya gangara gefe. In ya yi kik sau ɗaya ya ji sautin ya canza, injin na juyawa da sauri fiye da yadda ya saba ko kuma ya toge, ya cire hannunsa daga makulli. Kada a tura, kada a ja ta a giya. Ƙusoshin murfin shida ne, ƙaramar sifana ke kwance su, minti biyar ya isa a ga ko bel ne. Kik ɗin da ake ta yi a bakin hanya ana cewa ko iska ce ta shiga, shi ke mayar da gyaran bawul huɗu ya koma sayen kan inji. Kuma kada wani ya ce a sa sabon bel a gwada a gani. Sai an auna matsin kowace silinda, ko a sauke kan a duba.

Makanikenka kuwa ban ce ka rabu da shi ba. Wataƙila tausayin aljihunka ya ji, ya ga kaka ce kuɗi na wajen sayen kaya. Ka koma wurinsa da kayan a hannu ka ce ga abin da kake so, ka tambaye shi ko ya taɓa yin na D-4D. In ya yi jim, ka nemi wanda injin gas ne aikinsa, su yi tare. In an gama a rubuta kwanan wata da lambar mita da farin fenti a jikin murfin, ka kuma rubuta a takardun mota, ranar da za ka sayar da ita wannan rubutun zai ƙara mata daraja. Tsofaffin kayan kuma ka ce a ba ka su a leda. Ka juya cikin bel ɗin waje ka lanƙwasa, ka duba gindin haƙoran a rana. Fulin kuma ka sa yatsa a tsakiyarsa ka murza shi kusa da kunnenka. Sabo shiru yake juyawa, da ɗan nauyin giris, ya tsaya da wuri. Wanda ya bushe sai ya yi ta gudu shi kaɗai yana ƙara kamar an zuba masa yashi.